MUSAR: Ma'anar Horo A Cikin Littafi Mai Tsarki

Akwai wata kalma da ba ta rabuwa da bakinmu a ikkilisiyoyinmu na nan Augie da Argungu har zuwa Birnin Kebbi, wato kalmar horo. Uba ya zane ɗansa har jiki ya fashe, in maƙwabta suka zo ceto sai ya ce horo yake yi masa kamar yadda Littafi ya umarta. Dattawan ikkilisiya su dakatar da wata daga Jibin Ubangiji, sai a ce an sa ta a horo. Ruwa ya cinye shinkafar mutum a fadama, sai masu zuwa jaje su ce masa ya yi haƙuri, horon Allah ne. Abu uku ke nan daban daban, amma suna ɗaya muke ba su, kuma kowanne muna jingina shi ga Maganar Allah. Tun da haka ne, ya wajaba mu koma mu ga kalmar da marubutan Tsohon Alkawari suka yi amfani da ita a harshensu na Ibrananci, domin mu san ko abin da muke yi da sunan horo shi ne abin da suke nufi.

KALMAR DA TUSHENTA

Kalmar ita ce musar. Kada mai karatu ya haɗa ta da ƙasar Masar ko da sunan Annabi Musa, domin kamar sauti ce kawai, ba su da dangantaka a Ibrananci. Ta fito ne daga kalmar aikatau yasar, mai baƙaƙe uku, y da s da r, wadda ke nufin a koya wa mutum hanya, a tsauta masa, a komo da shi in ya kauce. Musar ta bayyana wajen sau 50 a Tsohon Alkawari, kuma wajen 30 daga ciki suna cikin littafin Karin Magana ne, wanda tsohuwar fassara ke kira Misalai. Bayan Karin Magana, littafin Irmiya ne ya fi yawan ambatonta.

Tun daga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, wanda Likita Walter Miller na Zariya ya yi aiki a kai tare da wasu, har zuwa fassarorin da suka biyo baya, dole mai fassara ya zaɓi kalma guda a kowace aya. Saboda haka mai karatu zai ci karo da horo a nan, koyarwa a can, tarbiyya ko gargaɗi a wani wuri, ba tare da ya san cewa a Ibrananci kalma ɗaya ce ke ƙarƙashinsu ba. Wannan ba laifin masu fassara ba ne. Kalmar ce ke da faɗi, ta haɗa maganar baki da tsautawa da hukunci, duka a ƙarƙashin manufa guda, wato a gyara mutum ya zama mai amfani.

Mu masu jin Hausa mun yi sa'a, domin kalmarmu ta horo ita ma tana da irin wannan faɗi. Muna cewa an horar da malaman makaranta, an horar da ma'aikatan asibiti, kuma ba wanda zai ɗauka dukansu aka yi. Manomi yakan horar da bijimansa biyu har su saba da karkiya su bi kunya miƙe. Masunta a bakin Matan Fada sukan horar da 'ya'yansu tun suna ƙanana yadda ake hawa gora da yadda ake riƙe homa. Amma da zarar an ce horon yaro a gida, sai tunaninmu ya tsallake duk wannan ya sauka a kan bulala. A nan ne muka ƙuntata kalmar.

Yahudawa da kansu ba su ƙuntata ta haka ba. Sa'ad da aka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci a Iskandariya, aikin da aka fara wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, yawanci kalmar paideia aka sa a madadin musar, wato renon yaro da ilimantar da shi. A ƙarni na 19 wani malamin Yahudawa a ƙasar Lituwaniya mai suna Isra'ila Salanter, wanda ya rasu a 1883, ya kafa wata hanya ta binciken kai da gyaran hali, aka kira ta da sunan Musar. A Ibranancin da ake magana da shi yau ma, musar na nufin ɗa'a da kyawawan halaye.

ABIN JI NE, ABIN KARƁA NE

Hanya mafi sauƙi ta gane kalma ita ce a dubi kalmomin da take tafiya da su. In muka bi Karin Magana aya aya, za mu tarar ana cewa a ji musar, a karɓe shi, a ƙaunace shi, a riƙe shi kada a sake. A 1:8 da 4:1 uba ne ke kiran 'ya'yansa su kasa kunne gare shi. A 23:23 an jera shi tare da gaskiya da hikima da fahimi cikin abubuwan da ya kamata mutum ya saya kada ya sayar. A ɗaya ɓangaren kuma ana maganar masu ƙin sa da masu raina shi. Ba wanda ake roƙo ya sayi bulala ya ajiye don a riƙa dukansa da ita. Abin da ake saye a adana, ake kasa masa kunne, magana ce mai gyara.

Haka yake ga Allah da jama'arsa. A Maimaitawar Shari'a 4:36 Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa Allah ya jiyar da su muryarsa daga sama domin ya hore su, kuma kalmar yasar ce a wurin. A 11:2 na wannan littafi ya yi maganar musar na Ubangiji, sa'an nan ya lissafta abin da yake nufi: girman Allah, da ikonsa, da ayyukan da ya yi a Masar da Bahar Maliya da cikin jeji. Wato abin da idanunsu suka gani shi ne ya zama musu makaranta. Har ila yau, farkon sura 31 ta Karin Magana ya nuna cewa maganar Sarki Lemuwel daga mahaifiyarsa ta fito, ita ce ta hore shi da ita. Uwa ce ke yi wa sarki horo a nan, da baki, tana jan kunnensa game da mata da giya da haƙƙin matalauta. Wannan ya isa iyayenmu mata na zumunta su sani cewa aikin horo ba na maza kaɗai ba ne.

Akwai wani wuri da zai yi wa manoman fadamar Rima daɗin ji. A Karin Magana 24:30-34 mai hikima ya wuce ta gonar wani rago, ya ga ƙaya da ciyawa sun rufe ta, katangarta ta zube. Ya ce ya duba, ya yi tunani, ya karɓi musar. Ba wanda ya taɓa jikinsa, ba wanda ya ce masa uffan. Gonar wani ce ta hore shi. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke nufi da gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Annabi Irmiya ne ya fi fito da wannan batu fili. A 2:30 Allah ya ce ya bugi 'ya'yan jama'ar a banza, domin ba su karɓi musar ba. A 5:3 annabin ya maimaita cewa an buge su amma sun ƙi karɓarsa, sai ma suka ƙara taurare fuska. Mu lura da kyau: bugu ya sauka, amma horo bai shiga ba. Ashe bugu da musar abu biyu ne. Ana iya samun musar ba bugu, kamar mutumin da ya wuce ta gonar rago, ana kuma iya samun bugu ba musar, kamar mutanen Yahuza a zamanin Irmiya. Horo ba ya cika sai wanda ake yi wa ya karɓa da zuciyarsa. Uban da ya zane yaro ya huce haushinsa, yaron kuwa bai san laifinsa ba, bai san abin da ake so ya yi gobe ba, wannan uba bai yi horo ba tukuna.

TO, INA BATUN SANDA?

Mun san wani zai ce, ai Littafi ya ambaci sanda. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ɓoye ba. A Karin Magana 13:24 da 22:15 da 23:13 an haɗa musar da sanda, wadda ake kira shebet a Ibrananci, kuma mutanen wancan zamani sun san dukan yaro kamar yadda kakanninmu suka san shi. Wanda ya ce babu wannan a Littafi bai faɗi gaskiya ba. Amma mu yi lissafi. Cikin wurare wajen 30 da kalmar ta bayyana a littafin, uku ne suka zo tare da sanda. Mu kuwa mun haddace ukun nan, mun bar sauran suna kwance.

Ayoyin da suka ba da sandar ma sun yi mata shinge. Ta 13:24 ta ɗaura horo a kan ƙauna, ta nuna cewa mai ƙaunar ɗansa yakan kula da gyaransa tun da wuri, daidai da abin da muke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin Magana 19:18 ta ce a hori ɗa tun da sauran sa zuciya, ta kuma ja kunnen uba kada ransa ya kai shi ga hallaka yaron. Ko babban mutum da alƙali ya yanke wa bulala, Shari'ar Musa a Maimaitawar Shari'a 25:3 ta hana a wuce 40, kuma dalilin da ta bayar shi ne kada ɗan'uwa ya wulakanta a idon jama'a. In an tsare mutuncin mai laifi a gaban shari'a haka, ina ga ɗan da ka haifa? Kalmar shebet ɗin nan kuma ita ce sandar makiyayi da ke cikin Zabura 23, wadda mai zabura ya ce tana ta'azantar da shi. Duk wanda ya ga Bafulatani yana kora shanu zuwa mashaya ya san yawancin aikin sandarsa nuni ne da tarewa da kariya.

Littafi Mai Tsarki ya kuma ba mu labarin wanda ya ɗauki horo a matsayin nuna ƙarfi. A 1 Sarakuna sura 12 jama'a suka zo wurin Rehobowam ɗan Sulemanu suna roƙon sassauci. Dattawa suka ba shi shawara ya yi musu magana mai daɗi, amma ya bi ta samarin da suka tashi tare, ya ce mahaifinsa ya hore su da bulala, shi kuwa da kunamai zai hore su. Kalmar yasar ce ya yi amfani da ita. Sakamakon shi ne kabila goma suka juya masa baya, mulkin ya tsage biyu, bai sake haɗuwa ba. Gidaje nawa ne a cikinmu suka tsage ta wannan hanya? Yaro ya gudu Sakkwato ko Legas, ya shekara biyar ba ya waiwayar gida, uban kuwa yana zaune yana cewa shi dai ya yi abin da Littafi ya ce.

Ƙasar nan ta ga inda irin wannan tunani ke kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, yawancinsu yara da samari, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu domin a gyara musu hali. Ba mu kawo wannan don mu nuna wa kowa yatsa ba, domin tunanin da ya gina wancan gida yana nan a gidajen Kirista ma: cewa in azaba ta yi yawa, hali zai gyaru. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana azabtar da yaro da wulakanta shi, amma mu da muke da Littafi a hannu bai kamata sai hukuma ta tuna mana ba. Mai ɗaure yaro da igiya, mai hana shi abinci kwana biyu, mai sa masa barkono, mai ƙona masa hannu don ya ɗauki nama a tukunya, kada ya kira sunan Karin Magana. Abin da yake yi zalunci ne.

MANOMI YA SAN MA'AUNI

Annabi Ishaya ya ba da wani misali a 28:23-29 wanda kowane ɗan ƙauye zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ce manomi ba ya ta huɗa har abada, in ya gyara ƙasa sai ya shuka kowane iri a inda ya dace da shi. In lokacin sussuka ya yi, ƙananan tsaba masu laushi da 'yar sanda ake kaɗa su, ba a bi ta kansu da abin sussuka mai nauyi, hatsin ma ba a yi ta bugunsa ba iyaka har ya niƙe. A aya ta 26 ya ce Allah ne ya hori manomin ya san wannan, kuma kalmar yasar ce a nan ma.

Mu ma haka muke yi. Yadda ake bugun shinkafa daban, yadda ake sussukar gero daban, riɗi kuwa kaɗa shi kawai ake yi ya zube. Matar da ta yi ta kirɓa shinkafa a turmi ba ta duba ba, tsaki za ta kwasa. To, in mun san ma'aunin hatsi, me ya sa ba mu san na 'ya'yanmu ba? Wani yaro kallo ɗaya ya ishe shi. Wani sai an zaunar da shi an yi masa magana. Wani sai an hana shi abin da yake so na ɗan lokaci. Ɗan shekara huɗu da ya fasa tulu garin taya uwarsa aiki ba ɗaya yake da ɗan shekara 15 da ya saci kuɗin cefane ba.

Irmiya ya san da wannan ma'auni, shi ya sa a 10:24 ya roƙi Ubangiji ya hore shi bisa adalci, kada ya yi cikin fushi, don kada ya ƙare. A 30:11 kuma Allah ya yi wa jama'arsa alkawari cewa zai hore su daidai gwargwado, ba zai shafe su ba. In annabi ya ji tsoron horon da ake yi cikin fushi, ai bai kamata mu ɗaga hannu a kan yaro sa'ad da zuciya ke tafasa ba. Manzo Bulus ya tattara wannan duka a Afisawa 6:4, inda ya fara da hana iyaye tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi, kafin ya ce a rene su cikin paideia ta Ubangiji.

HORON IKKILISIYA

Yanzu mu juyo ga abu na biyu. Ikkilisiya tana da iko ta tsauta wa ɗanta, wanda kuma ya ce a bar kowa ya yi abin da ya ga dama bai karanta Sabon Alkawari ba. Amma Ubangijinmu ya shimfiɗa matakai a Matiyu 18:15-17. Da fari a je wurin mutumin shi kaɗai, in bai ji ba a koma da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikkilisiya, kuma abin da ake nema tun farko shi ne a samo ɗan'uwa. Sau da yawa mu daga ƙarshen muke farawa, sai dai mutum ya ji sunansa a sanarwa ranar Lahadi.

Ga tambayoyin da ya kamata kowace majalisar dattawa ta yi wa kanta. Wanda muka sa a horo wata shida, sau nawa wani dattijo ya taka zuwa gidansa ya buɗe Littafi tare da shi? Ya san ranar da horon zai ƙare, da abin da ake jira a gani a wurinsa? In yarinya ta yi ciki, ita kaɗai ke zama a bencin baya, ko har da wanda ya yi mata? Mai kuɗin da ya ba da kwanon rufin majami'a, ma'auni ɗaya muke auna shi da gwauruwar da ba ta da kowa? In ba koyarwa, ba ziyara, ba ranar dawowa, to kora ce muka yi, muka lulluɓe ta da sunan horo.

A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikkilisiyar hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa haka, su yafe masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. A Galatiyawa 6:1 ya ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa. A wuri irin namu, inda masu bi ba su da yawa, kowane rai da muka kora da sunan horo giɓi ne da za a daɗe ba a cike ba. Ka ƙi naka, duniya ta so shi.

BA KOWACE MASIFA CE HORO BA

Abu na uku shi ne mafi wuya. Littafi ya koyar cewa Allah yakan hori waɗanda yake ƙauna kamar yadda uba ke yi wa ɗansa. Haka yake a Maimaitawar Shari'a 8:5 da Karin Magana 3:11-12, kuma marubucin Ibraniyawa ya ɗauko wannan a sura 12 ya ƙarfafa masu bi da ke shan tsanani. Ya yarda cewa horo ba ya da daɗi a lokacin da ake cikinsa, amfaninsa daga baya yake fitowa. Mai bi yana da dama ya dubi wahalarsa ya tambayi Allah abin da yake koya masa.

Amma mutum ya tambayi kansa daban ne da wani ya yanke masa hukunci. Elifaz, abokin Ayuba, ya yi amfani da kalmar musar a Ayuba 5:17, ya shawarci Ayuba kada ya raina horon Mai Iko Dukka. Maganar tana da kyau a kunne, amma a bakin Elifaz zargi ce, domin yana nufin akwai laifin da Ayuba ke ɓoyewa. A 42:7 Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu saboda ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Yesu ma, da almajiransa suka tambaye shi ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba na mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba, kamar yadda yake a Yahaya sura 9. A Luka sura 13 ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Mun ga ambaliyar 2010, mun kuma ga ta 2020 wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ruwan kuwa bai tambayi gonar wa ce ta mai adalci ba. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kai hari garin Mera a nan Ƙaramar Hukumar Augie, rayuka suka salwanta. Kada bakin wani mai bi ya kuskura ya ce horon Allah ne ya sauka a kan waɗanda suka mutu ko suka yi hasara. Kisan kai muguntar mutum ce, Allah kuwa zai shari'anta ta. Abin da ke wuyanmu a irin wannan rana shi ne mu je jaje, mu yi kuka tare da masu kuka, Kirista ne ko Musulmi, mu kai abin da hannunmu ya iya. In akwai musar a cikin ambaliya, irin na mai wucewa ta gona ne: mu duba, mu yi tunani, mu koyi inda ba a gina gida, mu riƙi noman rani da muhimmanci, mu tanadi abin da za mu taimaki juna da shi kafin ruwa ya zo.

HORON DA WANI YA ƊAUKA DOMINMU

Akwai wuri guda da kalmar ta tsaya a inda ba a zata ba. A Ishaya 53:5, cikin maganar Bawan Ubangiji mai shan wuya, Ibrananci ya haɗa musar da shalom, wato salama, ya nuna cewa horon da ya kawo mana salama a kan Bawan ya sauka. A ko'ina mai laifi ne ke karɓar horo domin ya gyaru, amma a nan marar laifi ne ya karɓa domin masu laifi su warke. A Luka 23:16 da 22, sa'ad da Bilatus ya ce zai yi wa Yesu bulala ya sake shi, kalmar Helenanci da Luka ya rubuta daga tushen paideia take. A Titus 2:11-12 kuma Bulus ya ɗauki wannan kalma ya ce alherin Allah ne ke horar da mu mu rabu da rashin tsoron Allah. Bulalar ta sauka a bayan Almasihu, mu kuwa alheri ne aka ba mu ya zama malaminmu. Wanda aka yi wa haka, da wane ido zai ƙi tausaya wa ɗansa ko ɗan'uwansa a ikkilisiya?

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce katikis ya ce a bar yara su yi yadda suke so. Firist Eli ya yi wa 'ya'yansa magana sama sama bai hana su ba, gidansa kuwa ya rushe, labarin yana cikin 1 Sama'ila sura 2 zuwa 4. Sakaci ma rashin ƙauna ne. Musar ya fi duka wuya, domin duka minti biyu ne, shi kuwa yana cin lokaci: a zauna da yaro, a faɗa masa dalili, a maimaita gobe, a kuma yi zaman da zai gani ya kwaikwaya. Uban da ke aiken ɗansa sayen giya ba shi da bakin hana shi sha.

Saboda haka muna ba iyaye da malaman makarantar Lahadi da dattawa shawara su ɗauki littafin Karin Magana, wanda ke da sura 31, su riƙa karanta sura ɗaya kowace rana tare da iyalinsu har wata ya ƙare, suna sa alama a duk inda aka ambaci horo ko koyarwa ko tsautawa. Kafin kuma mu hori kowa, a gida ko a majami'a, mu tsaya mu tambayi kanmu ko ya san laifinsa, ko fushinmu ya sauka, ko abin da za mu yi ya yi daidai da shekarunsa da girman laifin, ko kuma mun bar masa ƙofar dawowa. Mu kanmu masu horon kada mu manta cewa Karin Magana 12:1 ta kwatanta mai ƙin tsautawa da dabba, ayar kuwa ba ta ware fasto ko katikis ko mai gida ba.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar karɓa, ya albarkaci gidajenmu da ikkilisiyoyinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.